Naman layya a gidan Kirista: a karɓa ko a mayar?

Maman Tabita (Bukoki): Salama gare ku ƴan'uwa cikin Ubangiji. Ina da tambaya, kuma ina son amsa kafin salla ta zo, don saura ƴan kwanaki. Gidan haya muke, mu kaɗai ne masu bi a cikinsa. Bara washegarin layya yara suka yi ta shigo mana da faranti, wannan daga ɗakin Hajiya, wannan daga ɗakin mai taksi, har mai gidan ya aiko da cinya guda. Na karɓa na yi godiya, muka ci. Bana wani ɗan'uwa a wurin addu'ar Laraba ya ce mini naman nan hadaya ce, Kirista ba ya cinsa, in mayar musu ko in ce ba ma ci. Baban Tabita ya ce shi bai ga laifi ba, amma ni zuciyata ta ƙi kwanciya. Iyayena da yayyena, ya kuke yi a gidajenku?

Ishaya (Lazare): Yaya, gaskiya ɗan'uwan nan ya faɗa miki. Ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 15. Manzanni da dattawa sun zauna a Urushalima, suka rubuta wa ƴan'uwa na al'ummai abubuwan da za su nisanta, abin da aka yi hadaya da shi yana ciki. Layya ibada ce: ana ƙulla niyya, ana jiran liman ya yanka nasa, ana neman lada. Mu kuwa tamu hadayar an gama ta sau ɗaya tak a kan gicciye, Ibraniyawa 10 ta faɗa. In na sa hannu cikin wannan kwano, me nake faɗa game da jinin Yesu?

Haruna mai butiki (Wadata): Ishaya ƙanena, naman da kake saye wurin mahauta a Wadata ko Katako, wa ya yanka shi? Da wane suna? Kilishin da kake saye ka aika wa abokanka na Kwatano fa? Duk Yamai babu naman da ba da bisimilla aka yanka shi ba, sai in kai ka riƙe wuƙar.

Ishaya (Lazare): Yaya Haruna, kasuwa daban, ibada daban. Mahauci riba yake nema. Mai layya lada yake nema.

Haruna mai butiki (Wadata): To ladan tana wuyansa ko tana cikin naman?

Baba Ayuba (Tawa): Ɗiyana, ku bari tsoho ya sa baki, don ni na ci naman da aka miƙa wa gumaka, na san shi, ba a takarda na karanta shi ba.

Mahaifina azne ne, mutumin ƙasar Ƙonni, ba nisa da Masalata inda har yanzu ake arwa, wato bikin duban shekara na azna. Akwai wata tsamiya bayan garkarmu da dutse a gindinta. Kafin shuka sai ya ja baƙin bunsuru zuwa can, ya durƙusa, ya kira Doguwa da sunanta, ya roƙe ta damina da lafiyar gida, ya yanka, ya tsiyaya jinin bisa dutsen. Naman a nan ake gasa shi, kowa na gida sai ya ci, don cin shi ne shaidar kana cikin alkawarin. Da na karɓi Almasihu na ce ba ni ci. Mahaifiyata ta yi kuka har muryarta ta dishe, don a ganinta na fitar da kaina daga inuwar gida, iskoki za su same ni a fili. Ban ci ba, kuma ko yau aka kawo mini ba ni ci. Wannan shi ne naman da manzanni suka hana.

Amma maƙwabcina Malam da ke yanka rago, wane gunki ya kafa? Tunawa yake da Ibrahim. Mu ma muna karanta labarin a Farawa 22. Mun bambanta da su, ban ɓoye ba: mu mun ce Ishaku ne aka kai bisa dutse, su sun ce Isma'ila, mu mun ce ragon nan yana nuna Ɗan Ragon Allah da zai zo, su ba su yarda ba. Bambanci ne babba. Sai dai sa layya da yankan gindin tsamiya cikin buhu ɗaya rashin adalci ne, kuma wanda ya ga duka biyun da idonsa ba ya yin haka.

Na yi aikin jinya a asibitin Galmi har ƙarfina ya ƙare. Ƴan mishan na SIM suka buɗe shi a 1950, kuma tun ran nan mafi yawan masu kwanciya a gadajensa Musulmi ne, daga Madawa, daga Malbaza, daga Buza, har daga tsallaken iyaka. Bayan salla sai ka ga wani tsoho ya sauko daga mota da ƙullin soye cikin leda, yana tambayar ina wanda ya wanke masa gyambo. Ba shi da kuɗin da zai ba ka, abin da ke gare shi ke nan. Dattawan da suka koya mana bangaskiya hannu biyu suke sawa su karɓa. Ban taɓa ganin wanda bangaskiyarsa ta ragu ta nan ba.

Maman Tabita (Bukoki): Baba, na gode. Allah ya ƙara girma da lafiya.

Fasto Dauda: Salama. Ishaya ɗana, ina murna da kishinka, amma ka bar kalma ɗaya a baya. Ayar da ka kawo cewa ta yi abin da aka miƙa wa gumaka. Baba Ayuba ya riga ya nuna mana kamanninsa.

Ku duba 1 Korantiyawa 10 daga aya 25. Koranti birni ne cike da ɗakunan tsafi, naman kasuwa da yawa daga can yake fitowa, masu bi kuma ƴan kaɗan ne cikin jama'a. Duk da haka Bulus ya ce su ci abin da ake sayarwa a mahauta ba da bincike ba, don duniya da abin da ke cikinta na Ubangiji ne. Ya ƙara da cewa in marar bi ya gayyace ku kuna kuma son zuwa, ku ci abin da aka ajiye a gabanku. In an ba su wannan dama a wurin da gumaka suke a fili, ina ga faranti daga maƙwabcin da ba ya sujada ga gunki? Sai dai Bulus ya sa sharaɗi a aya 28: in wani ya ce maka musamman wannan na hadaya ne, ka bari, saboda lamirin mai maganar. Ku riƙe wannan aya, tana da wurinta.

Inda iyaka take a wurina: mai bi ba ya sayen rago ya yanka da niyyar layya don a gafarta masa ko ya sami lada, ba ya zuwa filin idi ya shiga sahu don kada a gane shi. Wannan musun Ubangiji ne. Karɓar kyautar maƙwabci da godiya ba ta cikin wannan. Romawa 14 kuma ta hana mai ci ya rena marar ci, ta hana marar ci ya hukunta mai ci. Ishaya, in lamirinka ya hana ka, kada ka ci, zunubi ne a gare ka ka ci da shakka. Amma kada ka ɗora wa Maman Tabita kayan da Ubangiji bai ɗora mata ba.

Inna Saratu (Talaje): Fasto ya yi maganar Littafi, ni ta unguwa zan yi.

Ranar Asabar 17 ga Janairu 2015, ran da aka ƙone majami'u a Yamai, kun san abin da ya faru. Jumma'a aka fara a Damagaram, washegari ya iso mu. Saboda zanen da wata jarida ta buga a Faransa, jaridar da ko ganinta ba mu taɓa yi ba. Tun hantsi muke hango hayaƙi ta ko'ina, waya tana ta ƙara, an ƙona nan, an ƙona can. Maigidana ba ya gari. Ni da ƴan mata uku a ɗaki, na rufe ƙofa na tura tabarma ƙarƙashinta kamar wannan zai hana wani abu. Sai ga uwargidan Alhajin da muke katanga ɗaya ta leƙo ta bisa bango, ta jefo mini hijabai, ta ce in sa wa yara mu fito ta baya. Muka wuni a ƙuryar ɗakinta, ƙaramar tana rawar jiki, kishiyarta ta goya ta. Alhaji ya ɗauko kujera ya zauna ƙofar gidana da carbinsa. Da samari suka iso suna tambaya ina gidan kafiran, ya ce nan gidansa ne, wanda zai shiga sai ya bi ta kansa. Wasu cikinsu ƴaƴan unguwa ne, shi ya raɗa musu suna. Suka sunkuyar da kai suka wuce.

A shekarar nan da layya ta zo, ya aiko mini da ƙarfata da haƙarƙari. Ishaya, ɗana, ka gaya mini da wane baki zan ce wa yaron ya mayar, ba ma cin abincinku?

Ishaya (Lazare): Inna, Allah ya saka wa Alhaji da alheri, ban yi musu ba. Amma waɗanda suka cinna wutar su ma sun yanka rago a shekarar. Ƴan sanda da kansu sun ƙirga majami'u 45 a Yamai kaɗai, mutum 10 suka mutu tsakanin nan da Damagaram. Tamu tana ciki. Na kwashi tokar bencina da littattafan waƙa da hannuna ina ɗan yaro. Ba na iya mantawa in zauna ina tsotsar ƙashi kamar ba a yi komai ba.

Inna Saratu (Talaje): Ba wanda ya ce ka manta. Ni ma ban manta ba, har yau in na ji ihu a titi gabana faɗuwa yake. Amma wanda ya ƙona ba shi ke aiko da nama ba. Ko da shi ne ma, me Ubangiji ya ce mu yi da maƙiyi? In ya ce mu ciyar da shi in yana jin yunwa, ashe zai hana mu karɓa ran da ya miƙo hannu?

Malam Bulus (Harobanda): Ni ɗan Katolika ne, bari in kawo tamu. Tun babban taron Vatikan na biyu, a 1965, Ikilisiya ta rubuta cewa tana duban Musulmi da girmamawa, a matsayin masu bauta wa Allah ɗaya. Kowace shekara Roma tana aika musu gaisuwar azumi. Don haka a wurinmu tambayar ba ta cika tasowa ba.

Abin da nake so mu duba shi ne inda muke zaune. Ƙidayar 2012 ta nuna Kirista ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƴan Nijar ba. Ba mu da unguwar kanmu, ba mu da kasuwar kanmu. Mai ba ka haya, mai ɗinka maka kaya, ungozomar da ta karɓi haihuwar matarka, wanda zai tsaya ya ɗauke ka in babur ya kayar da kai a gadar Kennedy, kusan duk Musulmi ne. A lakwal ɗinmu na mishan ma yawancin ɗalibai ƴaƴansu ne. Wanda ya ce zai yi bangaskiya ba tare da cuɗanya da su ba, to ba a ƙasar nan zai yi ta ba.

Kuma layyar Yamai ba a ɗaki ake yin ta ba, a titi take. Da an sauko idi an yanka an feɗe, sai a banƙare raguna a kan sanduna biyu da aka gitta, a jingina su layi-layi kewaye da wutar itace mai tsawo, gidaje uku huɗu su haɗa wuta ɗaya. Wuni guda ana juya su, ana shafa mai da gishiri, kitse yana ɗiga, mata suna can ciki suna suyar kayan ciki. Ba a taɓa naman sai ya kwana ya tsane, washegari a rarraba. Ƴaƴana maza a bakin wutar nan suke wuni da abokansu, su ɗauko itace, su kama ƙafa a juya. In kulle su a ɗaki in ce musu me? Cewa abokan da suke buga ƙwallo da su kullum yau sun zama ƙazamai?

Maman Tabita (Bukoki): Malam, ka taɓo wani abin da ke damuna. Tabita ta tambaye ni me ya sa kowa ya ɗaure rago a tsakar gida mu ba mu ɗaure ba, ko don ba mu da kuɗi ne. Yaran gidan suna ce mata ku ba ku da salla. Na rasa abin faɗa.

Inna Saratu (Talaje): Ɗiyata, ki zaunar da ita daren salla ki ba ta labarin Ibrahim da Ishaku tun daga fari, har inda yaron ya tambayi ubansa ga wuta ga itace ina rago. Ki ce mata Allah ya riga ya ba da namu ragon, shi ne Yesu, shi ya sa ba mu yanka wani. Yara suna ganewa fiye da yadda muke zato. Kuma ki ɗinka mata ko ɗan yadi ne, ki yi mata lalle ta fita barka da salla da ƙawayenta. Ran Nowel, wato Kirsimeti, ki kira ƙawayen su ma su ci su ƙoshi, ta ga tana da ranar da ita ce mai rabo.

Habsu: Salama. Na daɗe ina karantawa ban yi magana ba. Ni a gidan Musulmi aka haife ni, babana yana da almajirai. Abin da kuke faɗa game da maƙwabta na yarda da shi, ni ma ina karɓa daga matar da muke gida ɗaya, ina ci ba tare da wani tunani ba. Amma naman gidanmu daban yake.

Shekarun farko ba mai gaishe ni. Daga baya gwaggona ta fara aiko mini da soye bayan salla, na yi ta kuka don murna, na ce an tuna da ni. Na ci. Ashe ana lissafi. Sai yayana ya tara dangi ya ce musu ta ci naman layya, zuciyarta ta fara dawowa, a ƙara matsa mata. Aka turo mini malamai biyu har ɗaki. Bara gwaggo ta kawo da kanta, ta ajiye a gabana ta ce ki ci, ki yi kalmar shahada a zuciyarki ko ba ki furta ba, mu mun san ke tamu ce. Na riƙe hannunta na ce Gwaggo, ina son ki, amma in wannan ne ma'anar naman, ba zan ci ba. Ta ɗauki kwanonta ta fita ba sallama.

Ina so ku sani ranar salla ita ce rana mafi nauyi ga irinmu. Ku da aka haifa cikin Ikilisiya kuna muhawara a kan faranti. Mu muna zaune a ɗaki muna jin ƙanshin unguwa, mun san a gidanmu yanzu ana raba kason kowa, an tsallake sunanmu.

Baba Ayuba (Tawa): Ɗiyata Habsu, na san wannan kwano. Irinsa mahaifiyata ta ajiye a gabana. Kin yi daidai. Kada ki daina zuwa gaishe da gwaggonki, ko ta juya miki baya. Ki je ran da ba salla ba, ki kai mata sabulu da goro, ki share mata ɗaki. Tawa mahaifiyar sai da ta tsufa ta rasa mai ɗebo mata ruwa sannan ta sake kiran sunana, kuma a hannuna ta cika.

Fasto Dauda: Ga aya 28 da na ce ku riƙe. Nama ɗaya ne, rago ɗaya ma yana iya zama, amma Hajiyar gidan Maman Tabita tana cewa ke maƙwabciyata ce, gwaggon Habsu tana cewa ki bar Almasihu. Na farko a karɓa, na biyu a ƙi, da ladabi. Habsu, abin da kika faɗa game da ranar salla ya kama mu dattawa. Muna yi wa masu tuba baftisma mu yi waƙa mu watse, ba ma tambayar inda za su wuni ran da danginsu ke taruwa.

Haruna mai butiki (Wadata): Tunda ana maganar nama, a haɗa da na Nowel. Ni kowace shekara in na sayo akuya a Turaku, maƙwabcina mahauci nake kira ya yanka, a gaban mutane, don in na aika da shinkafa a san wa ya yanka. Akwai masu cewa wannan ma ba daidai ba ne.

Ishaya (Lazare): Ni ne mai cewa. Wannan ya fi na layya ci mini rai. Su yanka mu ci, mu yanka su ƙi. Ranar haihuwar Mai Cetonmu ma sai mun ɗauko wani ya riƙe mana wuƙa, kamar hannunmu najasa ne. Kullum mu ne masu lanƙwasawa. Kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: yau nama, gobe a ce ka zo fatiha ka ɗaga hannu, jibi a nemi auren ƙanwarka ka rasa bakin hanawa.

Malam Bulus (Harobanda): Abokan aikina masu ilimin addini sun sha gaya mini cewa a Suratul Ma'ida an halatta musu abincin ma'abota littafi. Wasunsu suna ci a gidana ba tambaya. Amma yawancin mutanen unguwa ba su saba da haka ba, an tashe su a kan cewa yankan wanda ba ya salla ba ya ciwuwa. Ba ranar Nowel zan tsaya gyara musu fiƙihu ba.

Inna Saratu (Talaje): Na taɓa aika wa wata sabuwar maƙwabciya shinkafa da kaza, da yamma na gan ta a juji bayan gida, ko taɓawa ba a yi ba. Ya yi mini zafi ƙwarai. Na je na same ta na ce ƴar'uwa, in don yanka ne, Malam na masallacin layinmu ya yanka, ki tambaye shi. Kunya ta kama ta. Yanzu ita ke zuwa taya ni gyaran kayan miya tun jajibiri. Ni abincina nake so a ci, Ishaya. Wuƙa ko a hannun wa take, addu'ar da na yi a kan tukunyata cikin sunan Yesu na yi ta.

Baba Ayuba (Tawa): Ishaya, ka ce kullum mu ke lanƙwasawa. Haka ne, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Su doka ta ɗaure su a kan yanka, mu ba ta ɗaure mu ba. Wanda ke sake shi ke iya matsawa ya ba ɗaurarre wuri. Bulus ya ce ya zama kamar Bayahude ga Yahudawa don ya ribato su, ya ce in nama zai sa ɗan'uwansa tuntuɓe ya bar nama har abada. Amma maganarka ta fatiha da aure ba ta banza ba ce. Ni ina zuwa suna da asuba, in karɓi goro da dabino, ina zuwa gaisuwar mutuwa in zauna bisa tabarma. In sun ɗaga hannu sai in sunkuyar da kai in yi tawa addu'ar. Duk garin Tawa wanda ya san ni ya san ba na shafa fatiha, kuma ba wanda ya taɓa kora ta. Ɗiyata kuwa an nema, na ce a'a a fili, muka ci gaba da gaisawa. Cin nama bai taɓa rufe mini baki ba. Abin da ke rufe baki shi ne bashi da ƙarya. In ka ci bashin mutum ka ƙi biya, ko aka kama ka da tiya biyu a kasuwa, ta saye da ta sayarwa, ran nan ne ba ka da sauran bakin kiran sunan Yesu a unguwa.

Haruna mai butiki (Wadata): Baba ya faɗi tawa. A butiki ba mai tambaya ta ko na ci layya. Abin da suke kallo shi ne in yaro ya zo da kuɗi ya manta canji, zan aika masa da shi ko zan yi shiru.

Malam Bulus (Harobanda): Ina da shawara. Wasu gidajen naman yana yi musu yawa, wasu kuma lamirinsu bai ba su su ci ba. Muna da ƴan'uwa Gurmawa da suka gudo daga ƙauyukan Makalondi da Torodi, yankin da aka sace firist Pier Luigi Maccalli a Bomoanga a Satumba 2018, aka riƙe shi har Oktoba 2020. Sun bar gonaki da dabbobi, wasu suna raɓe a kangaye a nan ƙetaren kogi, sababbin zuwa ne, ba maƙwabcin da ya san su balle ya aiko musu. Yaransu sukan yi wata ba su ga nama ba. Mu karɓa da godiya, mu ɗebi namu, mu tara saura mu kai musu.

Ishaya (Lazare): Malam, niyyar tana da kyau, amma ni ba zan iya ba. Abin da na ce bai halatta gare ni ba, ya zan ɗauka in kai wa ɗan'uwana? Munafunci ke nan. In ana tarawa, ni zan kawo shinkafa da mai daga aljihuna. Kuma har yanzu in aka kawo mini faranti zan ce na gode, ba na ci.

Fasto Dauda: Shinkafa da mai ma ana bukata, ka kawo. Roƙona ɗaya: in za ka ƙi, kada ka mayar da yaro da kwano a hannu a gaban mutane. Ka taka da kanka kafin salla ka sami maigidan, ka gaishe shi, ka ce masa kada ya wahalar da kansa. Kuma waɗanda za a kai wa, a gaya musu naman layya ne daga maƙwabta. A cikinsu akwai waɗanda ƴan bindiga suka kora da sunan addini, mai yiwuwa wani ba zai so ba, kada a ɓoye masa.

Habsu: Ni zan zo suya in ana so. Na iya, tun ina ƙarama nake yi wa gidanmu.

Inna Saratu (Talaje): Ana so mana. Ki taho gidana tun daren jajibiri ki kwana, kada ki wuni ke kaɗai, ki zo da duk wata irinki da kika sani. Masu kawo nama, kada ku dogara da firigo, kun san yadda ake ɗauke wuta. Ku kawo shi washegarin salla da yamma, da kitsensa, kada ku yar. A cikin kitsen za mu soya shi har ya bushe ƙayau, a haka yana wata biyu bai lalace ba. Ina da babbar tukunya ɗaya, ana bukatar ta biyu da itace. Haruna, robobi masu murfi daga butikinka. Malam Bulus, ka ƙirga mana gidajen da yawan yaran kowane gida kafin Lahadi, don mu san yadda za mu kasa.

Haruna mai butiki (Wadata): Robobi suna nan, Inna. Tukunya ta biyu zan aro wurin zumuntar mata. Wa ke da mota ko ɗan sahu da zai ƙetare da kayan Harobanda?